Kawu Mai Zancen Coci

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma Kawu ya koma da hantsin wata Talata, bayan ya gama yi wa ma'aikaciyar asibiti bayanin cewa tagar ɗakin da aka kwantar da shi ba a wurinta take ba. An sallace shi a Haramin Madina bayan La'asar, maza suka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Mu mata muka wuce Ƙuba, zuwa gonar dabinon da kakanmu ya bari, inda za a yi zaman makoki na kwana uku.

A ɗakin karatun da ya gina da hannunsa aka zauna. Ɗaki ne mai faɗi, fari fat, ba zane ba ado, sai manyan tagogi. Ɓangaren mata ya fi na maza tudu da matakala biyu, kuma ba bango ne ya raba mu ba, shingen katako ne mai huji-huji irin na tsofaffin gidajen Madina. Muna ganin maza, su ba sa ganinmu sosai, amma magana tana ratsawa kamar ba komai a tsakani. Masu gaisuwa sun manta da haka. Ni kuwa ina zaune jikin shingen da butar gahawa, duk abin da suka ce a kunnena.

Kowa ya shigo sai ya bi layi ya kama hannun Yaya, babban ɗan Kawu, ya ce, "Azzamallahu ajrakum, Allah ya jiƙansa." Sai ya samu kujera, ya ɗauki dabino, ya juya ga na kusa da shi.

"Mutumin kirki ne, wallahi. Sai dai zancen cocin nan."

"Allah ya yafe masa, bai san abin da yake faɗa ba."

"Ya sani fa. Ai nan matsalar take."

Wani dattijo da ya taso tun daga unguwar Jurf ya ce Kawu ya taɓa zuwa gyara masa ƙofa, aikin da bai fi rabin sa'a ba, amma sai da ya saurari tarihin Ingila daga Azahar har La'asar. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, aka bi ta da istigfari. A namu ɓangaren ma ba a bar shi ba. Matar Kawu ta share ido ta ce, "Yanzu dai kunnuwana za su huta." Tana rufe baki ta fashe da kuka, sai da aka riƙe ta.

Raina ya ɓaci da su, ya kuma ɓaci da shi. Mutum ya yi shekara hamsin da ɗoriya a birnin Manzo, salla ba ta wuce shi a jam'i, ya ɗaura ƙofofi da tagogin gidajen da ba su ƙirguwa, amma abin da za a tuna shi da shi ke nan. Kuma shi ya jawo wa kansa.

A rana ta biyu na ji abin da ya sa na ajiye butar. Wani ya yi ƙorafin zafi, Yaya ya ce masa, "Ka yi haƙuri, khalas, an kusa. Da an share makoki zan kira mu'allim mai gini. Za a toshe tagogin nan, a sa mukayyif babba mai sanyaya ɗaki, a yi silin na jibs a sama. Shingen nan ma a cire, a ja bango har rufi, mata a sa musu lasifika."

Na waiwaya na dubi Umma, mahaifiyata, ƙanwar Kawu. Tana zaune a wurinta na kullum, kusurwar shingen, inda hujin katakon ya fi faɗi. Yaya ya ba ta baya lokacin da yake magana, don haka ba ta san me ya ce ba. Umma ba ta ji. Shekara ashirin ke nan kunnenta na dama ya mutu, na hagu kuma sai ƙugi. Dangi sun ɗauka ɗan nauyin kunne ne irin na tsufa, domin in ka fuskance ta kana magana, amsa za ta ba ka daidai, har ta gyara maka. Baki take karantawa. Mu uku muka san gaskiya, ni da ita da Kawu, kuma ta sa mun yi mata alkawari. Ta ce ba za ta zama tsohuwar da ake yi wa ihu ana nuni da hannu ba. Karatun da ake yi a ɗakin nan duk Alhamis bayan La'asar shi kaɗai ya rage mata na fita, kuma ta wannan hujin take ganin bakin mai karatu. In aka ja bango, an rufe mata komai.

Bari in koma baya, don wanda bai san Kawu ba zai ce sharri ake masa.

A Jos aka haife shi. Kakanmu ya riga su tahowa Hajji ya zauna, ya bar shi da kakarmu da Umma tana ƙarama, sai daga baya ya aika suka biyo. Kafin nan Kawu ya koyi kafinta, kuma aikinsa na farko na kirki shi ne gyaran rufin wani coci, ƙarƙashin wani tsohon Bature injiniya wanda bisa ga dukkan alamu shi ma ba ya iya yin shiru. In an tashi cin abinci sai ya buɗe wa Kawu zane-zanen tsofaffin gine-ginen ƙasarsu yana bayani. Wata huɗu kawai suka yi tare. Mu muka biya da shekara hamsin na saurare.

Na haddace karatun, don na ji shi ya fi sau ɗari. Yakan fara da gyara hula, ya ce, "Gini ba ya ƙarya. Mutum zai ce maka ga abin da ya yi imani da shi, kai dai ka je ka dubi ɗakin da ya gina." Daga nan sai Ingila. "Cocinsu na da dogo ne, duhu, gilashi mai launi, liman can ƙurya bayan shinge yana magana da harshen da talaka ba ya ji. Sai wasu suka ce ba su yarda ba, kowa ya karanta littafi da idonsa, ya ji wa'azi da kunnensa. Suka ɓalle daga cocin sarki. Da suka tashi gina nasu, me suka yi? Ɗaki mai faɗi kamar gida, wani ma a lungu don kada a jefe su. Mumbari a tsakiyar dogon bango, baranda ta zagaye shi, na baya yana ganin mai wa'azi kamar na gaba. Gilashi fari, rana ta shigo. Lokacin ne kuma masanansu ke cewa hankali fitila ne, kada a karɓi magana sai an auna ta. Zamanin haske suke ce masa. Har cocin sarkin ma daga baya ya kwaikwaya." Sai ya ɗaga yatsa. "Mu da aka fara ce mana mu yi karatu, mu ne za mu zauna a duhu?"

In a gida ya tsaya, da sauƙi. Amma Kawu bai san wuri ba, bai san lokaci ba. Duk ɗakin da ya shiga sai ya tsaya a tsakiya ya tafa hannu sau ɗaya, ya karkata kai yana sauraren yadda ƙarar ke dawowa, ko gidan suna ne ko ofishin fasfo. Ya taɓa tsayar da tasi a unguwar Anbariyya don ya nuna wa direba ƙubbar masallacin wurin, ya ce masa wannan ginin sarauta ne, ba na jama'a ba, kyakkyawa amma ka lura wa yake ɗaukakawa. Direban ya ce shi dai a biya shi ya tafi.

Ranar da dangin mijina suka zo neman aurena, mutane ne masu ji da kansu, kakanninsu sun daɗe a Hijaz har Hausarsu ta koma rabi Larabci. Kawu ne waliyyina. Aka shigar da su falonmu na Jurf, aka kawo gahawa, babbansu ya gyara murya zai gabatar da buƙata. Kawu ya dubi sama ya tafa hannu. Ina bayan ƙofa ina ji. Kafin a ambaci sunana an kai Ingila, an shiga cocin sarki an fito. Da suka tafi, wadda za ta zama uwar mijina ta bugo wa Umma waya, ni na ɗauka kamar kullum, ta ce, "Ya binti, ɗayyib, kawun nan naku, tuba ya yi ko a Musulunci aka haife shi?" Kwana uku ban gaishe shi ba. Shi kuwa ko a jikinsa, cewa ya yi mutanen sun amfana.

Ɗakin karatun ya zo ne bayan rasuwar kakanmu. A da a ƙarƙashin dabino ake zama, maza a gaba, mata can nesa bayan labule. Da aka yanke shawarar yin gini, kowa ya san Kawu zai yi, kowa kuma ya san za a sha rigima. Babban abokin rigimarsa shi ne surukinsa, yayan matarsa, wanda shi ke jan karatun a lokacin. Shi so yake a yi dogon ɗaki, a sa masa kujera mai tudu a ƙurya, mata a yi musu ɗaki daban. Kawu ya ce mai karatu zai zauna a ƙasa, a tsakiyar dogon bango, kowa ya kewaye shi.

"To a ina ka ga an yi haka?" in ji surukin.

Da Kawu mai wayo ne, da ya ce haka halƙar karatu take a Harami tun fil azal, magana ta ƙare. Amma Kawu ne. Ya gyara hula.

Surukin ya saurara har ƙarshe, ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Ni ba zan yi karatun Alƙur'ani a ɗakin da aka kwaikwayo daga Nasara ba." Ya fita da mutum bakwai, suka koma zama a gidansa. Har ya rasu bai sake taka gonar ba, matar Kawu kuwa ta yi shekaru tana raba Alhamis ɗinta tsakanin miji da ɗan'uwa.

Na ce da Kawu, "Ka ga yanzu kai ne cocin sarki, su ne suka ɓalle."

Ya harare ni ya ce, "Su ɓallewar jahilci suka yi."

"Haka sarkin Ingila ma ya ce, na tabbata."

Bai yi dariya ba. Mutumin da kullum yake yabon masu ja da manya ba ya son a ja da shi ko kaɗan. In ka ce masa taga ta yi yawa, sai ya ce ba ka fahimta ba, ya sake ɗauko bayanin daga tushe, a hankali, kamar yana koya wa yaro alif.

Taga ɗaya ce ta fi jawo magana. Sauran suna arewa, haskensu mai sanyi ne. Wannan kuwa can sama take a bangon yamma, kuma da La'asar ta yi sai rana ta sauko ta cikinta ta faɗa daidai fuskar mai karatu. Duk wanda ya ja karatu a ɗakin nan ya yi ƙorafi. Wani ya rataya darduma a kai, Kawu ya hau tsani ya cire. Wani ya matsar da shimfiɗarsa gefe, Kawu ya dawo da ita, daga baya ma ya kafa maƙarin littafi da ƙusa a ƙasa don kada a sake motsawa. "Ka daure," yake cewa. "Mai magana a haske yake zama, jama'a su ga ko ya yarda da abin da yake faɗa."

Ni na san don wa aka yi tagar. Lokacin ginin ne kunnen Umma ya ƙarasa. An gwada na'urar ji, likita ya ce jijiyar ta tafi, abin da na'urar ke ƙara mata sai shewa, musamman kusa da lasifika. Ta jefa ta cikin durowa. Kawu bai taɓa yi mata jaje ba, ba halinsa ba ne. Abin da ya yi, ya ɗauke ta ya kai ta gonar tun ba a yi rufi ba, ya zaunar da ita kan bulo a kusurwa, shi ya je ya zauna inda mai karatu zai zauna yana motsa baki ba sauti. In ta gane abin da ya ce sai ta ɗaga hannu. Yini huɗu suna haka da La'asar, yana matsar da bulo, yana sa alama da alli a bango. Ni ce mai riƙe musu lema. Da aka zo shingen, ya faɗaɗa huji shida a daidai idonta, ya ce wa kowa katakon ne ya tsage.

Shekaru bayan haka, da surutu ya yi yawa har wasu suka fara kiran wurin "kanisar Ƙuba", wato cocin Ƙuba, a bayan idonsa, na same shi a gindin dabino yana fiƙe fensir. Na ce, "Kawu, don Allah ka daina. Ka ce kawai wata a cikin mata ba ta ji sosai. Ba sai ka faɗi suna ba."

"Mata nawa ne a bayan shingen?"

"Ba su fi ashirin ba."

"Kwana nawa za su yi kafin su gano wace ce?"

Ya ci gaba da fiƙe fensirinsa.

Ya ce, "Kuma ni ba ƙarya nake ba. Abin da nake faɗa a kan ginin gaskiya ne, ko da uwarki tana jin tafiyar tururuwa."

"Gaskiya ce, amma a Madina muke."

"To a Madina aka hana gaskiya?"

Na tashi na bar shi da fensirinsa. Irin amsar da ke sa mutum ya ji kamar ya cije hannunsa ke nan, kuma ya san da haka.

Ga shi yanzu ya tafi ya bar ni da ɗaki, da alkawari, da ɗan da ya gaji taurin kansa bai gaji komai na iliminsa ba. Yaya ba mugu ba ne. Ya girma yana jin ana yi wa ubansa dariya, abokansa a makaranta suna ce masa ɗan mai coci, kuma na san so yake ya wanke sunan gidan da siminti.

Bayan an share makoki na same shi a gonar. Na yi niyyar in bi shi da lalama, in ce aikin hannun mahaifinsa ne, a bar shi don tunawa.

Ya ce, "Ya ukhti, za a tuna shi da addu'a. Bango ba ya kai lada kabari."

"Mata za su daina ji."

"Na ce za a sa lasifika. Mai kyau, ba irin na kasuwa ba."

"Ba ɗaya ba ne da ganin mai karatu."

"Me za su yi da ganinsa? Aurensa za su yi?"

Maganar Umma ta zo mini har leɓe. Na haɗiye ta. Da na buɗe baki, abin da ya fito ya ba ni tsoro. Na ji kaina ina cewa gini ba ya ƙarya. Na ji kaina a Ingila. Na kawo liman a ƙurya, na kawo gilashi fari, na rikita baranda da mumbari, har hannu na ɗaga. Ni da na yi shekaru ina sunkuyar da kai in Kawu ya fara, ga ni a tsaye gaban ɗansa ina yi, kuma ban ma iya ba.

Yaya ya dube ni kamar ya ga fatalwa. Ya ce, "La hawla. Ke ma?" Ya ciro waya ya kira mu'allim a gabana, ya ce ya zo ranar Asabar da La'asar ya yi awo.

Sai a mota, a hanyar Jurf, na faɗa wa Umma. Na tsaya a gefen titi na juyo da fuskata gare ta na gaya mata komai. Na ce, "Ki ba ni izini in faɗa masa. Shi kaɗai."

Ta ce, "Shi kaɗai da matarsa. Matarsa kaɗai da uwarta."

"To ki zauna a gida duk Alhamis?"

"Ja mota," ta ce. Ta juya kai wajen taga, wanda a wurin Umma shi ne rufe zance, don in ba ta kallonka ba ka da hanyar isa gare ta.

Ranar Asabar ta ce in kai ta gonar. Ban tambaye ta dalili ba. Muka shiga ta ƙofar mata, ta zauna a kusurwarta, ta ɗora carbi a cinya. Ba a jima ba Yaya ya shigo ɓangaren maza da mu'allim, wani magini mutumin Maraɗi, riƙe da abin awo. Yaya ya hango inuwarmu ta shingen ya ɗaga murya ya ce, "Goggo, ina wuni? Kin zo ganin aiki?"

"Na zo," in ji Umma.

Mu'allim ya zagaya ɗakin yana ɗaga kai. Ya shafa shingen ya ce, "Alhaji, wanga aiki na hannu ne, ba a samun irinai yanzu. Wa ya yi shi?" Yaya ya ce mahaifinsa. Mutumin ya ce Allah ya jiƙan maza, ya ci gaba da awo.

Umma ta ce, "A bar shingen nan da tagar can. Sauran ka yi yadda kake so."

"Goggo, za ki fi jin daɗi in an gama. Sanyi, ga lasifika kusa da ke."

"Na ce a bar su."

Yaya ya ce to, za a duba. Ya ja mu'allim can tsakiyar dogon bango, nesa da mu, suka tsaya daidai inda maƙarin littafin yake kafe. Rana ta sauko ta tagar yamma ta haske masa fuska har yana ƙyafta ido. Ya rage murya ya yi magana. Ni da kunnuwana biyu lafiya ban ji ko kalma ɗaya ba.

Umma ta ce, a hankali, "Ba sai ka jira na tafi Umra ba. Kuma ba rigimar tsufa ba ce."

Yaya ya juyo. Mu'allim ya sunkuyar da kai yana naɗe abin awonsa.

"Ka ce masa ya ce mini to kawai, in na tafi Umra a wata mai zuwa ya zo ya ja bangon, in na dawo na tarar an gama zan haƙura. Ka ce halin gidanmu ne, ni da ubanka duk ɗaya."

"Goggo, ya aka yi kika ji daga nan?"

Na kama hannunta. Ta zare shi.

"Ban ji ba. Shekara ashirin ban ji muryar kowa a ɗakin nan ba. Ban ji kukan 'ya'yanka ba ranar sunansu, ban ji naka ba ranar Talata. Bakinka na gani, don ubanka ya sa rana a inda kake tsaye. In ka ja bango, ka kawo mini lasifika goma, ɗaki ne kawai zan zauna ina kallon fenti."

Yaya ya ɗaga kai ya dubi tagar. Ya daɗe yana kallonta, ya matsa gefe ya fita daga hasken, ya sake komowa ciki. Sai ya zauna a ƙasa, wurin mai karatu, ya rufe fuska da gefen gutrarsa, ƙyallen da ke kansa. Mu'allim ya ce zai je ya duba motarsa, bai dawo ba.

An bar shingen, an bar tagar. Jibs kam an yi, da fitila mai lu'ulu'u wadda Kawu zai yi mako yana zaginta, an kuma toshe biyu daga tagogin arewa aka sa mukayyif. Wannan ban yi musu ba, don zafin Madina ba ya sauraren tarihin Ingila.

Amma Umma ta yi gaskiya. Kafin Alhamis labari ya kai Jurf ya dawo. Da muka shiga, matar Yaya ta taso da gudu ta riƙe mata hannu, ta kai baki kusa da kunnenta da ya mutu ta kwarara, "Goggo, sannu da zuwa!" Wata ta nuna mata kofin shayi tana ɗaga gira, kamar ana tambayar baƙuwar da ba ta jin yare. Masu tausayi suka yi ta girgiza kai. Waɗanda suka tuna abin da suka taɓa faɗa a gabanta cikin raɗa suka kasa haɗa ido da ita. Yanzu in mata biyu za su yi magana a ɗakin, sai su ja mayafi su rufe baki.

Umma ta wuce su ta zauna a kusurwarta, bayanta a miƙe. Mai karatu ya zauna, rana ta sauka a fuskarsa, bai yi ƙorafi ba, don shi ma an gaya masa. Ya riƙa buɗe baki fiye da kima yana jan kowane harafi saboda ita, har karatun ya lalace. Umma ta jure shafi ɗaya, sannan ta ce mini, "Je ki ce masa ya yi karatu kamar mutum."

A nan na gane abin da Kawu ya tare mata shekara ashirin. Ya tsaya a gabanta da zancen cocinsa, kowa yana kallonsa yana dariya, ba wanda ya waiwaya ya dubi kusurwa. Har yanzu ina jin haushinsa, don da ya ga dama da ya samo dalilin da bai kai wannan ban kunya ba, kuma na san rabin abin, daɗinsa yake ji. Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yalwata maka makwanci, ya haskaka shi yadda ba za ka samu abin gyarawa ba.

A hanyar gida na tambayi Umma ko in zo in ɗauke ta Alhamis mai zuwa. Ta daɗe tana kallon bakina, ko da yake na san ta gane tun farko.

"Ki zo," ta ce. "Amma mu makara kaɗan, sai an fara karatu. Ba na son gaisuwar."